Babur marar birki da gasar da na ɗaya ke iya rasa kofi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gudron a Birnin Ƙonni ranar kai amarya ya san abin da samarinmu ke iya yi da moto. Wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya miƙe tsaye bisa kujera, wani kuma ya danne birkin baya ya murɗa kai, ƙura ta turnuƙe masu tallar albasa. Tsofaffi na salati, yara na sowa. Da za ka ce wa waɗannan samari akwai ƙasashen da ake cire wa babur birki ɗungurum, a sa wa mahayinsa riga mai tutar ƙasa, dubban mutane su biya kuɗi su kalle shi, sai su ce zolayarsu kake yi.

To akwai. Sunan wasan sifidwe, kuma ya haura shekara ɗari. Galibin masu tarihinsa sun ce ya samo asali ne a garin Maitland na Ostireliya a watan Disamba na 1923, inda wani mai shirya wasanni, Johnnie Hoskins, ya sa masu babura suka yi tsere a filin baje kolin amfanin gona. A 1928 ya isa Ingila, daga nan ya bazu a Turai.

Babur ɗin kansa abin kallo ne. Injinsa mai silinda ɗaya ne, girmansa 500cc, wato ya ninka na Kasea ko Boxer ɗin 'yan kabu-kabu sau uku zuwa biyar. Giya ɗaya gare shi, ba fitila, ba madubi, ba birki gaba ko baya. Ba ya shan isansin da ake zubawa a kwalabe a bakin hanyar Illela. Wani mai yake sha da ake kira metanol, wanda ke sanyaya inji ya kuma ba shi ƙarfi. Doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 77, don haka buhun gero cikakke ya fi shi nauyi. Filin kuwa zagaye ne mai siffar ƙwai, tsawonsa tsakanin mita 260 da 425, an shimfiɗa masa dakakken dutse ana yayyafa masa ruwa. Mutum huɗu ke jeruwa bayan zare, da an ɗage zaren sai su saki kuloci, su yi zagaye huɗu ta hannun hagu. Cikin kamar minti ɗaya an gama.

Tambayar da kowane mai moto zai yi ita ce, yaya ake shan kwana ba birki? Mahayin ba ya rage wuta yadda muka saba. Yana kwantar da babur ɗin ne ya ƙara masa totur, har tayar baya ta saki ƙasa ta riƙa zamewa waje, babur ya shiga kwanar a karkace. Wannan zamewar ita ce birkinsa, domin ita ke cinye gudun. Ƙafarsa ta hagu na sanye da takalmin ƙarfe da yake gogawa a ƙasa don kada ya kife. Wanda ya taɓa shiga yashi da moto ɗauke da buhunan albasa a hanyoyin ƙauyukan Galmi ya ɗanɗani wannan zamewar, sai dai shi da addu'a a baki yake yin ta, su kuwa da gangan.

Hukumar wasannin babura ta duniya, FIM, ta soma gasar ƙasa da ƙasa a 1960, Suwidin ta ci na farko a gida. A 2001 aka sake mata tsari da suna, ta zama Kofin Duniya, ana ba da kofi mai sunan gwarzon Suwidin Ove Fundin, Ostireliya ta fara ɗauka. Amma ƙasar da ta mai da kofin nan kamar gadonta ita ce Folan: tsakanin 2005 da 2017 ta ɗauke shi sau takwas, ta ƙara na tara a 2023 a birnin Wroclaw. A can wasan ya zama abin da kokowa take a wurinmu. Garuruwa da dama suna da filinsu da ƙungiyarsu, kuma gasar cikin gidansu ce manyan mahayan duniya ke rububin shiga don nan kuɗin yake.

Rinjayen ƙasashe kaɗan ne ya sa aka ɓullo da wani tsari a 2018. Samun ƙwararru huɗu ko biyar sai babbar ƙasa, amma biyu ba su gagari ƙarama ba. Sai aka ce kowace ƙasa ta fito da mutum biyu a fili, ƙasa bakwai a wasan ƙarshe, kowace ta kara da kowace, tsere 21 ke nan a yini guda kafin a zo na raba gardama. Rasha ta ci sau uku a jere daga 2018 zuwa 2020, kafin a dakatar da ita a 2022 saboda yaƙin Yukren.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tsari shi ne lissafin maki. A tseren da aka saba, na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ba komai. A gasar mutum bibbiyu daga baya sai aka mai da shi 4, 3, 2, 0. Ka lissafa da kanka. In ɗan ƙasarku ya zo na ɗaya amma abokinsa ya zo na ƙarshe, kuna da 4. Waɗanda suka zo na biyu da na uku suna da 5, sun ci ku. Saboda haka za ka ga mahayi yana gaba amma yana waiwaye, yana tare hanya, yana buɗe wa ɗan'uwansa kafa ta ciki ko ta waje, duk wannan a kan babur da ba ya tsayawa in an ce ya tsaya.

Haka ta faru a Manchester a watan Oktoba na 2021. A tseren ƙarshe Bartosz Zmarzlik na Folan, wanda a lokacin ya riga ya zama zakaran duniya sau biyu, shi ya zo na ɗaya. Amma abokinsa Maciej Janowski ya faɗi, Robert Lambert da Dan Bewley na Birtaniya suka bi bayan Zmarzlik suka ɗauki na biyu da na uku. Birtaniya ta ci da 5 da 4, karon farko da ta ɗauki kofin ƙasashe tun 1989. Zaki ya isa gida shi kaɗai, nama na hannun wasu.

Ba cewa nake wasan ba shi da haɗari ba. An yi mutuwa a cikinsa, an karya baya. Amma mahayi ba ya shiga fili sai da hular kwano da rigar kariya, katangar kwana an jera mata katifun iska, likita da motar asibiti suna tsaye, alƙali na da jar fitilar da yake tsai da tsere da ita da zarar wani ya faɗi. Kowa kuma hanya ɗaya ya fuskanta. Kwatanta wannan da babbar hanyar da ta ratsa Ƙonni da Tsernawa da Malbaza, inda tirelar siminti da amalanken jaki da 'yan makaranta ke raba kwalta ɗaya da yaron da ke gwada bajinta ba hula. Nasa babur na da birki biyu, amma shi ya fi kusa da kabari.

Mu ba baƙin gasa ba ne. Tun 1975 da aka soma kokowar takobi a Tawa, jihohi ke tura 'yan wasansu a ƙungiya, da alƙalai da doka da fili mai shinge. Sukuwar dawaki ma an ware mata fage. Moto kaɗai aka bari a tsakiyar kasuwa, sai kame da tara in an yi ɓarna. Ba sai an sayo injin Jawa daga ƙasar Cek ba. Fili mai mita 300 a bayan gari, tankin ruwa, tsofaffin tayoyi a matsayin katanga, hular kwano dole, Ƙonni ta fito da biyu, Malbaza biyu, Illela biyu. Magadan gari da shugabannin 'yan kabu-kabu, fegi ɗaya ake roƙo a hannunku.