Ƙaramin Yoyon Da Ke Kashe Injin Tsohuwar Tarakta A Damina

A ofisoshin Maitama, daga hukumar jami'o'i ta ƙasa da ke titin Aguiyi Ironsi zuwa hedikwatar hukumar zaɓe, akwai ma'aikata da hadimai da dama da ke noma a Kuje, Kwali, Bwari ko Gwagwalada. Wasu sun haɗa kuɗi ta ƙungiyar adashin ofis sun sayi tsohuwar tarakta, suka damƙa wa direba, ba sa ganin ta sai ranar Asabar. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuwa, tsawon daminar Abuja, motar na kwana a fili ruwa na dukan ta. Ta nan wata ɓarna ke shigowa a ɓoye: ruwa a cikin matatar iska, wadda makanikai ke kira eyakilina.

Yawancin taraktocin nan sun kwana biyu. Akwai Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera a Ingila, akwai Steyr da aka harhaɗa a Bauchi, da Fiat da aka harhaɗa a Kano. Da yawa daga cikinsu suna da matata mai aiki da baƙin mai. Iska na shiga ta hular da ke sama, ta gangara cikin bututu, ta bugi man da ke cikin kofi a ƙasa, sannan ta juya ta bi ta ragar waya zuwa inji. Ƙura sai ta maƙale a mai. Tsari ne mai jure ƙurar hunturu, amma ruwa na ɓata shi.

Ruwa ya fi mai nauyi, don haka idan ya shiga sai ya kwanta a ƙasan kofi, ya ɗaga man sama da layin da aka tsaga masa. Injin Perkins mai silinda uku da ke cikin 135, mai lita biyu da rabi, yana zuƙar iska kusan lita 2,500 a minti ɗaya idan yana juyi 2,000. Da irin wannan zuƙa, mai da ruwa duk suna iya bin iska su shige. Gurbin da ke saura a saman fistin idan ya kai ƙololuwa bai wuce cokalin cin abinci uku zuwa huɗu ba, ruwa kuma ba ya matsuwa. Idan ya cika gurbin aka tayar da inji, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Shi ma man da ya yi yawa haɗari ne, domin injin dizal na iya ƙona shi ya yi ta gudu ya ƙi mutuwa.

Binciken ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A kashe inji, a kwance kofin, a duba man. Idan ya koma kalar shayi da madara, ko aka tsiyaye shi aka ga ruwa a ƙasa, to akwai yoyo. Wuraren da ya kamata a fara zarga su ne hular sama, wadda rana ke tsaga robarta ko reshe ya karkatar da ita. Mahaɗar bututu da jikin matatar, inda tsatsa ke huda ƙananan ramuka. Zoben robar bakin kofi. Da tiyon da ke kai iska inji tare da maɗaurinsa.

Don gano ainihin wurin, a wanke matatar, a shanya ta, a mayar da kofin babu mai. Sai a riƙa zuba ruwa da buta a waje, a fara daga ƙasa a haura sama, ana buɗe kofin bayan kowane mataki. Wanda ya fara daga sama ruwa zai jiƙe ko'ina, ba zai san ta inda ya shiga ba. Ramukan tsatsa kuwa, a cusa tocila cikin matatar a ɗaki mai duhu, haske zai tona su.

Gyaran ya danganta da abin da aka gani. Tsagaggiyar hula, busasshen tiyo da zoben roba duk sauya su ake yi, ɗauri da robar tayar keke ba ya kai ƙarshen damina. Ramin tsatsa a kankare shi har farin ƙarfe ya fito, a toshe da dalma ko waldar tagulla, ƙarami kuma gam irin Araldite ya isa. Kada wuta ta kusanci matatar sai an wanke mai tas. A wanke ragar da kananzir ko man gas, ban da fetur, a bari ta tsane, sannan a zuba sabon baƙin mai daidai layi.

Idan aka samu ruwa da yawa bayan mamakon dare, kada direba ya murɗa makulli, kada kuma a tura motar don ta tashi. A cire nozul, a juya injin da hannu ruwan ya fita, a duba man inji ko ya gauraye. A leƙa salansa ma, domin wadda ke tsaye babu murfi ita ma ƙofar ruwa ce.

Akwai shawarar da mai tarakta zai ƙi ko daga wa ta fito: a cire matatar gaba ɗaya a huta. Injin da ke shaƙar ƙurar gona kai tsaye, ringinsa da silindarsa za su cinye cikin ɗan lokaci.

Mai aikin ofis ba zai iya tsare motarsa kullum ba, amma zai iya kafa ƙa'ida: direba ya buɗe kofin kowace safiya bayan ruwa, ya turo hoton man ta WhatsApp kafin ya tayar da inji, motar kuma ta kwana ƙarƙashin rumfa ko tamfol. Tarakta da ta kwanta a gareji a watan Yuni takan fito bayan lokacin shuka ya wuce, ga kuɗin taki da iri an riga an kashe.