Agajin Da Ya Wuce Buhun Hatsi: Darasi Daga Yunwar Maraɗi Ta 1984

Bahaushe ba ya manta yunwa, shi ya sa yake raɗa wa kowace suna. Ta 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1984 kuwa, a bakin ’yan’uwanmu na Nijar, El-Buhari ce, domin fari ya zo daidai lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hatsi ya daina ƙetarawa. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne su wa suka kawo ɗauki a irin waɗannan shekaru, da kuma abin da ɗaukin nasu ya bari bayan an koma cin tuwo sau biyu. A kan wannan nake son mu tattauna da mai karatu yau, ta hanyar duba aikin da wata ƙungiyar mishan ta Kirista ta yi a ƙasar Maraɗi.

Ƙungiyar ita ce Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Shekara ba ta zagayo ba sai da biyu daga cikinsu suka mutu, Bingham kaɗai ya tsira. Bai haƙura ba, ya sake dawowa, har suka kafa sansani a Pategi a 1902. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita shigarsu masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe musu ta hanyar jinyar kuturta, a Yadakunya nan Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Sabon Gari, wanda ECWA ke riƙe da shi a yau, su suka buɗe shi a 1943. A Nijar sun fara da Damagaram a 1924, suka kafa asibitin Galmi a 1950.

Rayuwar ɗan mishan a wancan zamani ba ta ziyara ba ce. Yakan koyi Hausa har ya iya karin magana, ya zauna a ƙauyen da babu lantarki, ya tura ’ya’yansa makarantar kwana a Miyango ta ƙasar Filato, wani ma a can ake binne shi. Wannan doguwar zama ita ce jarin da suka ci riba da shi lokacin da bala’i ya zo.

A 1981 wani matashi ɗan Ostareliya mai ilimin aikin gona, Tony Rinaudo, ya iso Maraɗi da iyalinsa a ƙarƙashin SIM. Aikinsa shi ne dashen itatuwa, domin farin shekarun 1970 da sassabe da neman itacen girki sun bar gonaki fayau, iska na kwashe ƙasa, yashi na binne shuka. Ya yi ta reno yana dasawa, mafi yawan dashen na mutuwa. A 1983 ne ya lura cewa ’yan tsirran sabara da kalgo da geza da manomi ke sarewa duk bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun tuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi rassa ’yan kaɗan masu ƙarfi aka sassabe sauran, aka kuma kare su daga dabba da gatari, cikin ’yan shekaru sai a ga itace tsaye. Ba a buƙatar ban ruwa ko sayen iri. Wannan dabara ce Hausawan yankin suka kira sassabin zamani.

Da fari manoma ba su karɓa ba. A al’ada, gona mai tsabta ita ce alamar manomin kirki, ga shi kuma doka ta mayar da itace mallakar gwamnati, mai gona na iya shan tara a hannun malamin daji a kan bishiyar da ke cikin gonarsa. Sai ga yunwar 1984. SIM ta shiga rabon abinci, amma ta ɗaura shi a kan aiki: a ba ka hatsi, kai kuma ka bar toho a gonarka ka rene shi. Ƙauyuka kusan ɗari suka shiga, aka kare itatuwa dubban ɗaruruwa. Da rabo ya ƙare, akasarin mutane suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga amfani da idonsu: ga itacen girki a kusa, ga ganyen dabbobi da rani, ga gero ya fi kyau a inuwar da ke rage zafin iska. Gani ya kori ji. Maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci, hukuma ta sassauta doka, har binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan’adam bayan shekara ashirin ya nuna cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

Adalci ne a faɗi cewa ba mutum ɗaya ya yi wannan ba. Manoman Damagaram sun daɗe da sanin darajar gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya ba shuka taki da rana. Ilimin na gida ne, hannayen da suka yi aikin na talakawa ne. Abin da ’yan mishan suka ƙara shi ne haɗa agajin gaggawa da maganin abin da ya jawo bala’in, sannan suka zauna suna bibiya. Rinaudo bai bar Nijar ba sai a 1999.

Na san abin da ke ran wasu masu karatu: ai ba don Allah suke yi ba, don su juya mana mutane ne. Ba zan kauce wa maganar ba. SIM ba ta taɓa ɓoye cewa wa’azin Linjila ne ya fito da ita ba, kuma tarihi ya nuna akwai waɗanda suka karɓi Kiristanci a gidajen kutare da makarantunsu. Sanya sharaɗin addini a kan lomar mai jin yunwa zalunci ne, ko wane ne ya yi shi, a coci ko a masallaci. Amma a Maraɗi sharaɗin da aka sa itace ne, kuma manoman da suka ci amfanin, mafi rinjayensu Musulmi ne, har gobe suna kan addininsu. Tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce: a lokacin da aka kori kuturu bayan gari, ina muke?

Yanzu mu dawo gida. Bala’inmu na birni ruwa ne. Dattawa na tuna ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, mun ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024, mu kuma mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni mun san yadda kwatoci ke tumbatsa duk watan Agusta, katangar ƙasa ta jiƙe ta faɗi. Ba a rasa masu taimako. ’Yan agajin ƙungiyoyin Musulunci kan fito, majami’u kan tara kuɗi ranar Lahadi, attajirai kan aiko da shinkafa da katifa da kwanon rufi. Sai dai bayan mako biyu kowa ya kama gabansa, kwatar tana nan cike da leda, ginin da ya tare hanyar ruwa yana nan tsaye. Baɗi a sake rabon katifa.

Abin da ya rage mana ba tausayi ba ne, tsari ne da juriya. Muna da zakka, muna da waƙafi, muna da Hukumar Zakka da Hubusi, muna da masallatan Juma’a da ke cika maƙil. Me zai hana kwamitin masallaci da mai unguwa su ware wani kaso na abin da ake tarawa, a biya matasan unguwa ladan yashe magudanan ruwa tun cikin watan Mayu, kafin ruwa ya sauka? Me zai hana a taimaki gwauruwa ta ɗaure gindin katangarta da siminti, maimakon a jira ta faɗi a kai mata jaje? Me zai hana liman da fasto su zauna da jerin sunaye guda na waɗanda abin ya shafa, tunda ambaliya ba ta tambayar addinin mai ɗaki? Mu kuma na jami’a, akwai ɗaliban taswira da na injiniya da za su iya zana wa kowace unguwa hanyoyin ruwanta a matsayin aikin kammala karatu.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya ba ka buhu ya raba ka da yunwar wata guda, ya kuma cancanci godiya. Wanda ya zauna da kai shekara goma sha takwas har gonarka ta yi inuwa, ya bar wa jikokinka gado. Addininmu ya san irin wannan tun kafin kowa ya zo, sunansa sadaka mai gudana. Saura mu aikata. Allah Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya ba mu ikon riƙe amanar maƙwabtaka.