Iskar masu kashe gobara: abin da ya kamata a sa a bango kafin a sake gina Khartum

Ranar 17 ga Satumba 2023, hoton benen kamfanin mai na Greater Nile, mai hawa 18, yana ci da wuta a Khartum ya zagaya wayoyin mutane daga Mai Wurno har Damazin. Wutar yaƙi ce, ba motar kwana-kwana da za ta iya kusantar wurin. To amma tun da sojoji suka koma Wad Madani a Janairun 2025, suka koma Khartum a watan Maris, maganar gyara da sake gini ta dawo bakin kowa. Kuma mun san su wa za su ɗauki bulo, su yi gadi, su yi shara a waɗannan dogayen benaye: akwai samarin ƙauyukanmu na Jazira da Nilul Azrak a ciki. Shi ya sa dokar gini ta shafe mu, ko da mu a ɗakin ciyawa muke kwana.

A gobarar bene, hayaƙi ne ke fara kisa kafin harshen wuta ya iso. Ma'aikacin kashe gobara ba ya shiga sai da tukunyar iska goye a baya, wadda da kayanta ta haura kilo 10. A takarda, wadda aka fi amfani da ita tana kai minti 30. Amma mutumin da ke hawan matakala da tiyo a kafaɗa yana haki, sau da yawa ba ta kai masa minti 20. Idan wuta tana hawa na 15, rabin iskarsa ta tafi a hanya. Daga nan sai a ware wasu ma'aikata, aikinsu kawai jigilar tukwane sama da ƙasa, alhali ga mutane can a maƙale suna jira.

Maganin da wasu biranen Amurka suka samo, musamman a jihar Kalifoniya, shi ne a sa wa ginin bututun iska tun ana gina shi, kamar yadda ake sa na ruwa. Bututun ƙarfe ne da ke bin matakala daga ƙasa har sama. A waje akwai baki inda motar iska ke haɗawa ta tura iska mai tsabta. A ciki kuma akwai tashoshin cikawa. Ma'aikaci ya tsaya, ya jona, cikin kamar minti 2 tukunyarsa ta cika, ya koma bakin aiki. Akwai kuma na'urar da ke auna tsabtar iskar dare da rana. A 2015 aka shigar da tsarin cikin kundin dokar gobara da biranen Amurka da dama ke bi, inda aka ce a sa tasha a hawa na 5, sannan bayan kowane hawa 3. Sai dai ba ya zama dole sai birnin da ya amince da shi.

Masu gini sukan yi kukan tsada, suna cewa lif na musamman ya isa ya kai tukwane sama. Wannan hujja tana iya ci a ƙasar da wuta ba ta yankewa. A nan Sudan fa? Wa zai ɗora ransa a kan lif a Khartum ko Madani? Benen hukumar sadarwa a Khartum hawa 29 ne. A tuna da benen Grenfell na Landan, mai hawa 24, inda mutum 72 suka rasu a Yunin 2017, a birnin da ke da kayan aiki fiye da namu nesa ba kusa ba.

Gaskiya ne, bututu kaɗai ba ya kashe wuta. Sai Difa'ul Madani na da motar iska, da ma'aikatan da aka horar, da mai zuwa dubawa a kai a kai. Gobarar masana'antar tangaran ta Bahri a Disambar 2019, wadda ta ci rai sama da 20, yawancinsu leburori, ta nuna abin da ke faruwa idan dokar kariya ta tsaya a takarda. Amma sa bututu lokacin da bango ke buɗe ya fi sauƙi da araha a kan fasa shi daga baya, kuma yanzu ne bangayen ke buɗe.

Mu mutanen ƙauye mun san wannan hikima tun kaka da kakanni. Ba a jingina karan dawa da ɗakin kwana, ana barin rata tsakanin rumbu da madafa, ana ajiye randa cike lokacin iskar hunturu. Tun ran gini, ran zane. Abin da ya rage shi ne injiniyoyinmu da ɗalibanmu na Jami'ar Jazira da ta Sinnar su kai maganar gaban masu ba da izinin gini. Kai kuma da za ka tafi aiki a imara, tun ranar farko ka tambaya: ina matakalar gudu, kuma a buɗe take?