Gubar da Renaud Camus ya dama ta tsallako Afirka

Ranar 21 ga Fabrairun 2023, shugaban Tunisiya Kais Saied ya shaida wa majalisar tsaron ƙasarsa cewa kwararar baƙaƙen fata daga kudu da Sahara maƙarƙashiya ce da aka ƙulla don a sauya jinin al'ummar Tunisiya, a raba ta da asalinta na Larabci da Musulunci. Kafin mako ya zagayo, masu gidajen haya sun fara watso kayan 'yan Afirka waje, an sallami leburori daga aiki, ana tare ɗalibai a titi. Sai da Gini da Mali suka tura jirage suka kwaso 'yan ƙasarsu. Tarayyar Afirka ta yi tir da jawabin. Daga Faransa kuwa, ɗan siyasar nan mai ƙin jinin baƙi, Éric Zemmour, yaba wa Saied ya yi, domin ya ji muryar gidansu a bakin wani.

Maganar tana da uba, kuma ya kamata mu san shi.

Sunansa Renaud Camus, ba shi da dangantaka da Albert Camus wanda ya ci kyautar Nobel. An haife shi a 1946 a garin Chamalières da ke tsakiyar Faransa. A ƙuruciyarsa ɗan jam'iyyar gurguzu ne, yana zama da manyan marubutan Paris, har shahararren masanin adabi Roland Barthes ya rubuta wa wani littafinsa gabatarwa a 1979. Gwanin alƙalami ne, wannan ba mai musu, kuma ya wallafa littattafai masu ɗimbin yawa. Tun 1992 yake zaune a wata tsohuwar ganuwa a ƙauyen Plieux, kudu maso yammacin ƙasar. Alamar farko ta bayyana a 2000, lokacin da kundin tarihin rayuwarsa ya fito ɗauke da ƙorafin cewa Yahudawa sun yi yawa a wani shirin gidan rediyon France Culture. An yi cece-kuce, ƙura ta lafa, shi kuma bai daina ƙirga mutane da asalinsu ba. Wanda yake ƙirgawa kawai ya canza.

A 2011 ya fitar da Le Grand Remplacement, wato babban maye gurbi. Abin da yake cewa a ciki ba shi da wuyar fahimta, kuma a nan haɗarin yake. Wai ana kawar da fararen Turawa daga ƙasarsu ana zuba Larabawa da baƙaƙen Afirka, galibi Musulmi, a madadinsu, kuma masu mulki da masu jari da 'yan jarida sun sani, da gangan suke yi. Ya ce tunanin ya zo masa ne sa'ad da yake zagaya tsofaffin ƙauyukan yankin Hérault ya ga mata masu lulluɓi a bakin tagogi da ƙofofi. A lura da wannan da kyau. Matan ba su yi masa komai ba. Ganinsu kawai ya yi.

Masana ƙidayar jama'a irin su Hervé Le Bras sun bi maganar da lissafi sun ga ba ta tsayu ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar, INSEE, sun nuna cewa baƙin da aka haifa a waje kusan kashi 10 ne cikin 100 na mazauna Faransa, kuma da yawansu daga wasu ƙasashen Turai suka fito, irin su Fotugal da Italiya da Sifen. 'Ya'yan baƙi da jikokinsu suna auratayya da sauran Faransawa sosai, har ba a iya cewa ga inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Amsar Camus ita ce a bar lissafi, kowa ya yarda da idonsa. To mutumin da ya ce kada a kawo masa hujja, da me za a kayar da shi? Duk baƙin yaron da ya gani a tashar jirgin ƙasa ya zama shaida a wurinsa, ko da kakan yaron ya yi wa Faransa yaƙi da 'yan Nazi, ko ubansa ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar Renault bayan Faransar da kanta ta je ta ɗebo ma'aikata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake kiran zuwan baƙi da sunan mulkin mallaka da mamaya. Mutanen Birnin Ƙonni sun san mamaya. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garin ta karkashe mutanensa a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi, ta kuma afka wa Lugu, garin Sarauniya. Da bindiga suka zo, ba da takardar neman aiki ba. A ɗauki sunan wannan ta'asa a liƙa wa mai sharar titi a Marseille, zalunci ne a kan zalunci.

A 2014 wata kotu a Paris ta same shi da laifin tunzura ƙiyayya ga Musulmi, ta ci shi tarar yuro 4,000. Tarar ba ta tsayar da komai ba. A Agustan 2017 masu zanga-zangar fifita farar fata a Charlottesville ta Amurka suna ta rera taken cewa ba za a maye gurbinsu ba. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, wani ɗan Ostireliya ya shiga masallatai biyu a Christchurch, ƙasar Niyu Zilan, ya kashe mutum 51, yana watsa ta'asar kai tsaye a Facebook. Takardar da ya bari tana ɗauke da sunan littafin Camus. A Agustan wannan shekara aka kashe mutum 23 a El Paso ta Amurka, a Mayun 2022 aka kashe baƙaƙen fata 10 a wani kanti a Buffalo, ita ma a Amurka, kuma duka maharan biyu sun kafa hujja da wannan tatsuniya ta mamaya da maye gurbi. Camus ya ce shi ba ya goyon bayan zubar da jini. Na ji. Amma wanda ya shekara yana gaya wa mutane cewa ana shafe su daga doron ƙasa, kuma gwamnatinsu na cikin masu shafewar, ya san akwai wanda zai ji ya tashi da makami. Baki shi ke yanka wuya.

Yanzu maganar ta bar hannun 'yan ta-kife ta shiga zauren siyasa. Zemmour ya yi yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa da ita a 2022 ya samu kashi 7 cikin 100, kusan ƙuri'a miliyan 2.5. 'Yar takarar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, Valérie Pécresse, ita ma ta furta ta a gaban taro. Maganin da Camus yake bayarwa, wato a mayar da baƙi da zuriyarsu inda kakanninsu suka fito, shi aka zauna ana tattaunawa a wani taron sirri kusa da Potsdam a Nuwamban 2023, da 'yan jam'iyyar AfD ta Jamus a ciki. Da asirin ya tonu, dubban ɗaruruwan Jamusawa suka fito tituna suna adawa. A Janairun 2025 shugabar jam'iyyar, Alice Weidel, ta rungumi manufar a fili a babban taronsu.

Kada mu ɗauka ciwon Turawa ne kaɗai. Tunisiya ta nuna cewa Musulmi ma zai iya ɗaukar wannan makami ya sari Musulmi ɗan'uwansa saboda launin fata. A Yulin 2023 an kwashi ɗaruruwan baƙaƙe daga birnin Sfax aka zubar da su a hamadar iyakar Libiya da Aljeriya, wasu ƙishirwa ta kashe su a can. Hanyar Agadas da 'ya'yanmu suke bi, can take kaiwa. Mu ma a gida mun san ɗanɗanon rabon ɗan ƙasa da baƙo, Jos ta sha shi tun 2001. Duk saƙon da ya shigo wayarka yana cewa wata ƙabila ko wani addini na hayayyafa da shiri don su ƙwace ƙasa, tsarinsa ɗaya da na Plieux, ko da wanda ya rubuta bai taɓa jin sunan Camus ba, ko da mu ne aka nuna a matsayin waɗanda ake zalunta. Kada ka tura shi gaba. Ka tambayi wanda ya turo: wa ya ƙirga, yaushe, kuma me yake so a yi da mutanen da ya ƙirga?

Malamai masu wa'azi, 'yan jarida, da masu gidajen rediyo su koyi gane wannan magana tun kafin ta zauna a bakin matasa. Iyayen da ke da 'ya'ya a Faransa, Jamus ko Magrib su matsa musu su gyara takardunsu, su shiga ƙungiyoyin 'yan ƙasarsu, waɗanda suka samu izinin zama 'yan ƙasa kuma su yi rajistar zaɓe. Faransa za ta zaɓi sabon shugaba a 2027, kuma Emmanuel Macron ba zai iya sake tsayawa ba.