Ƙananan Kalmomin Turanci Sun Fi Manya Kayar da Ɗalibi

Yawancin masu shirin jarrabawar WAEC ko JAMB dogayen kalmomin Turanci suke tsoro. Za ka ga ɗalibi ya cika littafi da irin su "magnanimous" yana haddacewa kamar karatun allo, ga ma'ana a gefe. A ganina ya fi ɓata ƙarfinsa a wurin da hatsarin bai kai yadda yake zato ba.

Dogayen kalmomin nan galibinsu daga Latinanci da Faransanci suka shigo. Bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada da na shari'a, kuma kalmominsa suka kwarara cikin Turanci. Irin waɗannan kalmomi suna da gaɓoɓi, ana iya kwance su. Bahaushe ma ya saba da haka: ya san "ma" ɗin da ke fitar da makaranta daga karatu, manomi daga noma, mabuɗi daga buɗewa. Wanda ya gane cewa "port" na nufin ɗaukar kaya, "ex" fita, "im" shiga, "trans" ƙetarewa, ba ya buƙatar ƙamus kafin ya fahimci export, import da transport. "Un" a farko kan juya ma'ana, "re" kan nuna maimaici, "less" a ƙarshe kan nuna rashi.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmomin da yaro ya sani tun yana firamare: give, look, put, take, get. Kowacce idan ta haɗu da 'yar ƙaramar kalma sai ta rikiɗe. "Give" bayarwa ce, amma "give up" haƙura da abu ne, "give in" kuwa miƙa wuya. "Look for" nema, "look after" kula, "look into" bincike. "Put up with" jurewa ce, kuma babu ta inda za ka hango juriya a cikin kalmomin ukun ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa suka fi cutarwa shi ne mai karatu ba ya ma sanin bai gane ba. Doguwar kalma takan tsayar da shi ya tambaya, waɗannan kuwa sai ya wuce su da ma'anar da ba ita ba, ya kai ƙarshen shafi yana ganin ya fahimta. Dole a koye su a dunƙule, kowace tare da jimlar da aka same ta a ciki.

Nan ne zaɓen ƙamus ke da muhimmanci. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, yana taimaka wa mai farawa. Amma da tafiya ta yi nisa, gara a koma ga ƙamusun da aka rubuta musamman don masu koyo, irin na A. S. Hornby da madaba'ar Oxford ta buga a 1948 kuma ake ta sabunta shi. Shi Hornby a Japan ya koyar, ya ga inda baƙin harshe ke tuntuɓe, shi ya sa ya cika aikinsa da jimlolin misali. Ɗalibai da yawa kan karanta ma'anar farko su rufe, alhali amfanin yana cikin misalan.

A ɓangaren nahawu, babban bambancin yana wajen lokaci. Hausa tana nuna shi a kan 'yar kalmar da ke gaban aiki: na saya, zan saya, nakan saya. Turanci kuwa aikin kansa yake sauyawa, wani lokaci har ba ka gane shi: go, went, gone. Sannan "na gan shi" ɗinmu guda ɗaya, Bature ya raba shi biyu. Idan an ambaci lokacin da ya wuce, "I saw him yesterday" ake cewa. Idan ba a ambata ba, kuma abin yana da alaƙa da yanzu, sai "I have seen him". Haɗa "have seen" da "yesterday" kuskure ne da har masu digiri ke yi. A wani wurin kuma mu ne muka fi su rarrabewa: kai, ke da ku duk "you" ne a wurinsu, motar da muke ce wa "ta lalace" kuma "it" ce.

Game da yawan kalmomi, Michael West ya fitar da jerin kusan 2,000 a 1953, waɗanda suka fi yawo a rubutun yau da kullum. Su ya kamata a fara riƙewa da kyau, da duk fuskokinsu. Littafin da kowane layinsa ke ɗauke da baƙin kalmomi biyu ko uku ya yi wa mai koyo nauyi a yanzu. Ya ajiye shi, ya nemi wanda zai karanta shafi guda bai tsaya fiye da sau uku ko huɗu ba, ya riƙa ƙoƙarin cinkar ma'ana daga jimlar kafin ya buɗe ƙamus ya tabbatar.