Alƙali da Koci a Wasannin Sakandare: Adalci Tun Kafin A Busa Usur

Duk mai bibiyar ƙwallon ƙafa tsakanin makarantun sakandare a Kaduna ta Arewa, daga Unguwar Shanu da Abakpa har zuwa Kawo, ya san yadda wasu wasannin kan ƙare. Alƙali ya yanke hukunci, koci ya faɗo fili yana kumfar baki, ɗalibai su mara masa baya, a tashi baram-baram. Washegari koci ya ce an sayi alƙali, alƙali kuma ya ce koci bai san doka ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙorafin masu horarwa yana da tushe, domin sau da yawa makarantar da ke karɓar baƙunci ita ke nemo alƙali, ita ke ba shi kuɗin mota. Ko da mutumin kirki ne, zargi ya riga ya shiga zukata. A ɗaya ɓangaren, akwai kociyoyin da ke sanya wa 'yan haya rigar makaranta, wato samarin da suka daɗe da barin aji, su kara da yara 'yan shekara 15.

Matsalar shekaru ba ƙarama ba ce. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Nijeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin wasa na Ahmadu Bello da ke nan Kaduna, sai da FIFA ta koma ga na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannun 'yan wasa. Abin da ya kai FIFA ga neman na'ura, yaya za a bar wa alƙali guda ya tantance shi da ido a bakin fili? Alhali makaranta tana da hujjar da ta fi sauƙi: rajistar aji da sakamakon jarrabawar zango.

Doka ta 5 cikin dokokin ƙwallon ƙafa 17 ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe, kuma tun 2019 yana da ikon nuna wa koci katin gargaɗi ko jan kati. Wannan iko daidai ne. Amma iko ba tare da ƙofar ƙorafi ba kan haifar da gaba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna, tare da Ƙungiyar Alƙalan Wasa ta Nijeriya, su riƙa naɗa alƙalai daga wajen makarantun da ke karawa, a biya su daga asusun gasa. A tantance 'yan wasa da hoto da sa hannun shugaban makaranta mako guda kafin farawa. A zaunar da alƙalai da kociyoyi wuri guda a bita kan dokoki. Sannan a kafa kwamitin da zai karɓi ƙorafi a rubuce, ya hukunta duk wanda ya saɓa, koci ne ko alƙali.

Abin da ake gudu ya wuce rasa kofi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga malaminsa ya ci kwalar alƙali, ko ya ga alƙali ya danne gaskiya, da wannan darasin zai tunkari kotu da akwatin zaɓe idan ya girma.