Shin wasan tanis yana ƙara tsawon rai?

Masana harkokin lafiya sun daɗe suna cewa motsa jiki na kare mutum daga cututtukan zuciya, amma binciken da aka gudanar a ƙasashen Turai ya nuna cewa ba dukkan wasanni ne amfaninsu ya zo ɗaya ba.

Wani bincike da aka wallafa a mujallar Mayo Clinic Proceedings a shekarar 2018 ya gano cewa masu buga tanis kan fi waɗanda ba sa motsa jiki daɗewa a duniya da kimanin shekaru 9.7.

Masu binciken sun bi diddigin lafiyar mutane 8,577 mazauna birnin Copenhagen na ƙasar Danmak har na tsawon kusan shekaru 25.

Wasan badminton ne ya zo na biyu da shekaru 6.2, sai ƙwallon ƙafa da 4.7, hawan keke 3.7, ninƙaya 3.4, sannan sassarfa 3.2. Masu zuwa ɗakunan motsa jiki su ne suka zo ƙarshe da shekara ɗaya da rabi.

Kafin wannan, a shekarar 2016, mujallar British Journal of Sports Medicine ta wallafa wani nazari a kan mutane fiye da dubu 80 a Ingila da Scotland.

Nazarin ya nuna cewa a tsawon lokacin da aka bi diddiginsu, haɗarin mutuwa ya ragu da kashi 47 cikin 100 a tsakanin masu buga tanis da dangoginsa irin su badminton da squash, yayin da haɗarin mutuwa ta hanyar ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya ragu da kashi 56.

Me ya sa tanis ya yi fice?

Dalili na farko shi ne yanayin wasan. Ɗan wasa kan yi gudu da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, ya ɗan huta, sannan ya sake zabura. Irin wannan atisaye na ƙarfafa zuciya da huhu, yana kuma sa ƙafafu da hannaye da gadon baya aiki a lokaci guda.

Na biyu shi ne cuɗanya da jama'a. Masu binciken na Danmak sun lura cewa wasannin da suka zo kan gaba duk sai da abokin karawa ake yin su. Sun ce mai yiwuwa zumuncin da ake ƙullawa a filin wasa na da nasa tasirin a kan lafiya, kuma wanda abokinsa ke jira da wuya ya yi fashi.

Ƙasusuwa ma na amfana. Wani bincike da aka yi a Finland a shekarar 1995 a kan mata masu buga tanis da squash ya nuna cewa ƙashin hannun da suke buga ƙwallo da shi ya fi na ɗaya hannun ƙwari, musamman ga waɗanda suka fara wasan kafin su balaga.

Hattara dai

Sai dai kuma masu binciken da kansu sun ja kunne cewa abin da suka gano alaƙa ce kawai, ba hujja ba ce da ke tabbatar da cewa wasan ne ya ƙara shekarun.

Galibin masu buga tanis masu hali ne da ilimi, kuma irin waɗannan mutane sun fi samun abinci mai gina jiki da kulawar likita. Ko da yake an yi la'akari da ilimi da samu da shan taba wajen lissafin, da wuya a kawar da tasirinsu baki ɗaya.

Haka nan wasan na da nasa lahanin, kamar ciwon gwiwar hannu da na kafaɗa da targaɗe. Likitoci kan shawarci masu ciwon zuciya ko hawan jini da su nemi a duba su kafin su fara.

Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta shawarci manya da su riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako, ko da ta hanyar tafiya da sauri ne.